Bayanan Kamu a Hannun 'Yan Sanda: Yadda Ake Samunsu da Abin da Doka Ta Ce Game da Goge Su

Wannan bayani an tanade shi ne domin mazauna Sifawa da sauran garuruwa da ƙauyukan ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, tare da iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda jama'a kan fara tunkara idan wani nasu ya shiga hannun hukuma. Tambayar da aka fi yi bayan an saki mutum ita ce ko sunansa ya fita daga littafin 'yan sanda. Amsar a taƙaice ita ce bai fita ba. A Nijeriya babu wata doka ta gaba ɗaya da ta ba mutum damar neman a goge bayanin kama shi, irin wadda wasu jihohin Amurka ke da ita, ko irin dokar Ingila ta 1974 wadda ke ɗauke wa mai laifi nauyin ambaton tsohon hukuncinsa bayan wasu shekaru. Abin da ke kare mutum a nan shi ne takardar da ke nuna yadda maganar ta ƙare.

Abin da ake rubutawa da inda ake ajiye shi

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta wajabta wa jami'in da ya kama mutum ya rubuta laifin da ake zarginsa da shi, da rana da yanayin da aka kama shi, da cikakken sunansa da sana'arsa da adireshinsa, sannan a ɗauki tsawonsa da hotonsa da zanen yatsunsa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015 ta zo da irin wannan tanadi, kuma Jihar Sakkwato ta yi tata dokar a 2019.

Bayanin yakan fara ne daga littafin caji ofis ɗin da aka kai mutum, kamar na Boɗinga ko na Shagari. Idan an kai maganar kotu da takardar rahoton farko, wadda aka fi sani da FIR, to kotun ma ta buɗe nata fayil mai lamba. Sama da waɗannan akwai rajistar laifuka ta hedikwatar 'yan sandan jiha a Sakkwato, da kuma Babbar Rajistar Laifuka ta ƙasa, wadda ofishinta na Alagbon a Legas ya daɗe da yin suna. Doka ta ce a aika da hukuncin kotu zuwa babbar rajistar cikin kwana 30. Matsalar da ake gamuwa da ita ita ce labarin kamu yakan riga labarin wankewa shiga littafi, wani lokaci ma na biyun ba ya shiga sai mai shi ya bi sawu.

'Yan banga da sauran masu aikin sa-kai ba su da rajistar da doka ta sani. Duk wanda suka kama wajibi ne su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Haka kuma doka ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, kamar uba a madadin ɗa, ta kuma hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai.

Kamu dabam, hukunci dabam

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa. Saboda haka kwana a caji ofis, ko ma zaman jiran shari'a a gidan gyaran hali, bai mai da mutum tsohon mai laifi ba. Ko a sha'anin takara, abin da sashe na 107 ya hana shi ne wanda kotu ta samu da laifin rashin gaskiya ta yanke masa hukunci cikin shekara 10 kafin zaɓe ya tsaya neman kujerar Majalisar Dokokin Jiha. Bai ambaci kamu ba. Ya kamata jami'an da ke sa hannu a takardun shaidar mutane, na neman aiki ko na makaranta, su riƙe wannan bambanci, kada jita-jitar kasuwa ta zama hujjar hana mutum sa hannu.

Sai dai hanyoyin da shari'a ke ƙarewa ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke cutar kansu. Idan kotu ta saurari shaidu ta wanke mutum, magana ta mutu, domin tsarin mulki ya hana sake gurfanar da shi a kan laifin, sai fa da umurnin kotun da ke sama. Idan kuwa sallamarsa kawai aka yi, misali don mai ƙara ya daina zuwa, ko don Babban Lauyan Jiha ya janye ƙarar bisa ikon da sashe na 211 ya ba shi, to ana iya dawo da maganar wata rana. Akwai kuma wanda ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a ya duba fayil ɗinsa ya ce babu hujjar tuhumarsa. Akwai wanda dattawa suka shiga tsakani aka yi sulhu, kamar yadda aka saba a rikicin gona ko ɓarnar dabbobi. Sulhu alheri ne, amma idan magana ta riga ta isa kotu, to a koma gaban alƙali a sanar da shi ya rubuta. Sulhun da ya tsaya a zauren hakimi bai rufe fayil ɗin da ke kotu ba, kuma wanda ya daina halarta yana zaton an gama, ana iya ba da takardar kamo shi.

Yadda ake samun bayanan

Hanya mafi sauƙi ita ce ta kotu. Tsarin mulki ya ba wanda aka yi wa shari'a, ko wanda ya wakilta, haƙƙin samun kwafin hukunci cikin kwana 7 da kammala shari'ar, kuma wannan ya shafi kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci da Babbar Kotu baki ɗaya. Sai a rubuta takardar nema zuwa ga magatakardan kotun da ta yi shari'ar, a saka lambar ƙara da sunayen ɓangarorin da shekarar, a nemi kwafi mai hatimi da sa hannun tabbatarwa. Kwafin da babu hatimin kotu ba ya da ƙarfin hujja. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasidinsa. Wanda ya manta lambar ƙara zai iya samunta a takardar beli ko a wurin wanda ya tsaya masa.

Idan maganar ba ta je kotu ba, sai a rubuta wa baturen 'yan sanda na yankin, wato DPO, a nemi rubutaccen bayanin abin da littafi ya ƙunsa da yadda aka rufe binciken. A yi takardar kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa a riƙe. In ba a samu amsa ba, sai a ɗaga maganar zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda a Sakkwato. Rundunar 'yan sanda hukumar tarayya ce, don haka Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kanta. Dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7, kuma in za ta hana sai ta rubuta dalili. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya kai kuka kotu. Wanda bai iya rubutu ba zai iya nema ta hannun wani, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi. Amma dokar ta yarje wa 'yan sanda su riƙe abin da zai ɓata binciken da ke gudana ko ya tona asirin wanda ya tsegunta musu, kuma ba a ba wani bayanin sirrin wani sai da yardarsa. Mai neman sanin tarihin wanda ke neman auren 'yarsa ba ta wannan ƙofa zai bi ba.

Masu neman biza ko aiki ko karatu a ƙasashen waje akan buƙaci su kawo takardar shaidar hali ta 'yan sanda. Ana nemanta ta shafin intanet na POSSAP, a ɗauki zanen yatsu a gwada da abin da ke rajista. Duk wanda aka taɓa ɗaukar zanen yatsunsa a wata ƙara, ya fi masa alheri ya tanadi kwafin hukuncinsa kafin ya nema.

Abin da ake iya gogewa da wanda ba a iyawa

Tsohuwar Dokar 'Yan Sanda, a sashe na 30, ta ce wanda ba a taɓa samunsa da laifi ba, idan kotu ta sallame shi ko ta wanke shi, to nan take a lalata hotonsa da awonsa da zanen yatsunsa, ko a miƙa masa. Dokar 2020 da ta maye gurbinta ta sauya lafazin a sashe na 68: yanzu za a adana su ne tare da takardar sallama ko wankewa ta yadda za a iya ciro su, a miƙa wa mai su idan ya nema. Ke nan maganar lalatawa ta fita, kuma nauyin nema ya koma kan ɗan ƙasa. Duk da haka tanadin yana da amfani, domin ya wajabta haɗa takardar wankewa da bayanin kamu a wuri ɗaya. Mai nema sai ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda, ya haɗa da kwafin hukunci mai hatimi, ya ambaci wannan sashe.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a gyara ko a goge bayanansa, amma ta keɓe aikin hukumomin da ke binciken laifi da gurfanarwa daga mafi yawan tanade-tanadenta, don haka kada a dogara da ita a caji ofis. Idan kuskuren suna ne, wanda ba abin mamaki ba ne a garin da ake da Muhammadu Bello da yawa, zanen yatsu shi ke raba gardama, kuma a nemi a gyara a rubuce.

Wanda aka kama ba bisa doka ba, ko aka tsare fiye da kima, yana da wata hanya. Sashe na 35 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, sai dai in laifin kisa ne ko makamancinsa mai hukuncin rai. Sashen ya ba wanda aka zalunta haƙƙin diyya da neman afuwarsa a bainar jama'a. Ana shigar da irin wannan ƙara a Babbar Kotu, kuma hukuncin da ya bayyana cewa kamun haramtacce ne ya fi kowace takarda nauyi. Marar halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Sakkwato.

Ga wanda kotu ta samu da laifi, hanya biyu ce: ɗaukaka ƙara, ko afuwa. Sashe na 212 ya ba Gwamna ikon yafe laifin da ya shafi dokar jiha bayan ya tuntuɓi kwamitin ba da shawara kan afuwa. Laifin dokar tarayya kuwa na Shugaban Ƙasa ne a sashe na 175. A lura cewa rage wa'adi ko sakin fursuna albarkacin wani biki ba shi ne cikakkiyar afuwa ba. Cikakkiyar afuwa ita ke ɗauke tabon hukuncin a idon doka, kamar wadda gwamnatin Janar Abdussalami Abubakar ta yi wa Olusegun Obasanjo a 1998, har ya tsaya takara a 1999. Ko ita ba ta yage shafin littafin kotu, don haka a nemi takardarta a adana.

A guji duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya ɓatar da fayil ko ya cire suna daga kwamfuta. Bayarwa da karɓa duka laifi ne, kuma fayil ɗin da ya ɓace yakan tafi ne har da shafin da ke nuna an wanke mutum.