Yadda Zanen Gaiwa Ya Tashi Daga Littafi Ya Koma Adon Bango

A shagunan kayan ado na Landan da Faris ana sayar da tsofaffin zane-zanen kifaye, an sa musu gilashi, mutum ya saya ya rataye a falonsa. Galibinsu kifayen teku ne, har da dogayen nan masu santsi da ƙirar maciji. Amma a cikinsu akan ci karo da gaiwa da minjirya da giwan ruwa, waɗanda duk masuncin Bakura ko Talata Mafara ya san su ciki da bai. Ba don ado aka fara zana su ba.

Asalin abin buƙatar ilimi ce. Kifi da ya baro ruwa sai launinsa ya dushe, in aka jiƙa shi a maganin hana ruɓewa kuma ya koɗe. Babu kyamara a lokacin, sai hannun mai zane. Wani likita Bafaranshe, Guillaume Rondelet, ya fitar da littafin kifayen teku a 1554, da hotunan da aka sassaƙa a katako. Daga baya Marcus Bloch, likita a Balin, ya wallafa juzu'i 12 tsakanin 1782 da 1795, ɗauke da hotuna 432. A farantin tagulla ake karta zanen, a shafa tawada, a danne a takarda, sannan masu fenti su bi kowane shafi da hannu. A irin waɗannan hotuna za ka ga kifin a kwance ta gefe, an baje masa ƙayoyi, an fito da ɓawonsa ɗaya bayan ɗaya: domin masani ya ƙirga, ya bambanta wannan jinsi da wancan.

Gaiwa ta ba masana wuya. A 1839 Richard Owen na Ingila ya yi bayaninta daga wadda aka kawo masa daga kogin Gambiya, aka daɗe ana gardama ko kifi ce ko dangin kwaɗo, saboda tana da huhu tana shaƙar iska. Abin da ya ɗaure musu kai kuwa yaran fadama sun san shi. Ruwa na janyewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi ya bushe, ta bar 'yar kafa ta numfashi, ta kwanta har damina ta dawo. Mutanenmu na cewa jikinta take ci, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba, don tsokarta ce ke narkewa tana riƙe ta. Har a cikin dunƙulen busasshiyar laka aka riƙa kai ta Turai, a jefa a ruwa ta farka.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne John Samuel Budgett. Ya je Gambiya, masuntan wurin suka taimaka masa ya gano gidan gaiwa a cikin ciyawar fadama, inda namiji ke gadin ƙwai yana kaɗa wutsiya don ruwan ya riƙa motsi. Ya zana abin da ya gani da hannunsa. A 1903 ya zo bakin kogin Kwara bin ƙwan kifin gwando, ya samu, ya koma Ingila da zazzaɓi a jikinsa, ya rasu a Janairun 1904 yana da shekara 31. Sunansa ya shiga littattafai. Na masuntan da suka riƙe masa kwale-kwale suka nuna masa ramukan kuwa, akasarinsu ba a rubuta ba, kuma wannan rashin adalci ne.

George Boulenger na gidan tarihin Birtaniya ya tattara kifayen kogunan Afirka a juzu'i huɗu tsakanin 1909 da 1916. Da kyamara ta yi ƙarfi sai dillalai suka shiga yayyage tsofaffin littattafai suna sayar da shafi ɗai-ɗai, yanzu kuma ɗakunan karatu sun ɗora hotunan a intanet, kowa na iya bugawa.

A nan gida, Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da littafin kifaye da kamun kifi na Arewa a 1967, kuma Ibrahim Yaro na cikin marubutansa biyar. Shekara 11 bayan nan, a 1978, aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Tafki ya samu a sama, amma ambaliyar da ke cika fadamun ƙasa duk shekara ta ragu, kifi kuma a ruwan ambaliya yake hayayyafa, sai kamun masuntan can ya ja baya.

Saboda haka nake ganin bangon da ya fi cancanta da waɗannan zane-zane shi ne na ajin firamare a Damri da Maradun. A buga gaiwa da tarwaɗa da kurungu da karfasa, a rubuta sunan kowanne da Hausa a ƙarƙashinsa, a gayyato sarkin ruwa ya faɗa wa yara wanne ke nan har yanzu, wanne aka daɗe ba a gani a taru ba.