Wa ya kamata ya tsare gida? Tarihin gardamar da muka yi ranar Asabar

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Daga gida Beji nake wannan rubutu. Tun ranar Lahadi na tattara littattafan bincikena na mastas na shigo motar Zungeru daga Minna, na ce bari in zo in huta. Gaskiyar magana ba hutu ya kawo ni ba, guduwa na yi. Waɗanda ke zaurenmu na WhatsApp sun san dalili. Ga waɗanda ba su sani ba: ni ne kocin ƙungiyar sashenmu a gasar ƙwallon tsangaya ta bana, kuma ranar Asabar a wasan kusa da na ƙarshe na ajiye golanmu na shekara uku a benci, na sa wani yaro ɗan aji ɗaya. Aka ci mu 2-1. Ƙwallo ta biyu daga hannun yaron ta suɓuce ta shiga raga.

Kafin magariba an gama yanke mini hukunci. Wani ya ce ban san ƙwallo ba, wannan na yarda a tattauna. Wani ya ce na sa yaron ne don ɗan Neja ne irina. Wani ya ce ai addini ne. Yaron kuwa an yi ta yawo da hotonsa har ya daina zuwa lakca.

Jiya da daddare a teburin mai shayi na bakin titi nake ba kawuna labari. Ya saurara, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Ɗana, ai gardamar nan ta girme ka. Ranar da Denmak ta ci mu huɗu, a garin nan an yi waɗanda suka kwana ba sa ga maciji a kan Rufai, alhali kai a lokacin ana goyonka." Maganarsa ce ta sa na zauna na bi tarihin abin.

Bari in fara da inda gardamar zaɓen ɗan wasa a makaranta ta fi zafi a duniya, wato jami'o'in Amurka. Suna da irin tasu ƙwallon, wadda ake rungumewa a hannu ana ture juna, kuma jami'o'i ne suka raine ta tun wasan Rutgers da Princeton na ranar 6 ga Nuwamba, 1869. A wannan wasa akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke zaɓar wanda zai jefa wa. Wurin na mutum ɗaya ne, kuma kuskurensa ba ya ɓuya. A tamu ƙwallon babu wanda ya fi kama da shi ta wannan fuska kamar gola. Ɗan tsakiya zai ɓata fasin goma a manta, gola ya yi kuskure ɗaya a rubuta shi a allo.

Ranar 8 ga Janairu, 2018, Jami'ar Alabama ta haɗu da Jami'ar Jojiya a wasan ƙarshe na ƙasa a birnin Atlanta. Kwatabak ɗin Alabama, Jalen Hurts, ya shekara biyu yana riƙe da wurin, sau biyu kacal aka taɓa doke su a hannunsa. Aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da 13, Alabama ba ta da ko ɗaya. Koci Nick Saban ya zaunar da Hurts, ya sa Tua Tagovailoa, ɗan aji ɗaya wanda ba a taɓa fara wasa da shi ba a jami'ar. Suka farke, aka shiga ƙarin lokaci. A harin ƙarshe yaron ya fara da kuskure, ya bari aka kayar da shi can baya aka yi asarar yadi 16. A bugu na gaba ya wurga ƙwallo yadi 41, suka ci 26-23. Washegari Saban ya zama gwanin gwanaye. To don Allah ku tambayi kanku: da bayan wancan kuskuren jifar ta kauce da taku ɗaya, me za a ce da kocin da ya ajiye wanda ya kai su wasan ƙarshe ya ɗauko sabon shiga? Shawarar dai ita ce, ba ta canza ba. Abin da ya biyo baya ne ya raɗa mata suna.

Ita Jojiyar nan ma ba baƙuwarmu ba ce. A filin wasan jami'arta, Sanford, da ke garin Athens, Najeriya ta doke Brazil 4-3 ranar 31 ga Yuli, 1996, ta kuma doke Ajantina 3-2 ranar 3 ga Agusta ta ɗauki zinaren Olamfik. A wasan Brazil, Victor Ikpeba daga benci ya taso ya ci ƙwallon da ta mayar da wasan 3-2. A wasan Ajantina, Emmanuel Amuneke daga benci ya taso ya ci ta nasara. Har yau ana yaba wa Bonfrere Jo da iya canji. Ku riƙe wannan, mu dawo kan gololinmu.

A 1998, ana gab da gasar cin kofin duniya ta Faransa, Ike Shorunmu ya ji rauni. Koci Bora Milutinovic ya koma ga tsohon hannu, Peter Rufai, wanda ya ci mana kofin Afirka a 1994, amma a lokacin yana da shekara 34 kuma yawanci a benci yake a Deportivo ta Sifaniya. Muka doke Sifaniya 3-2, ranar da bugun Garba Lawal ya zame wa Zubizarreta ya shiga, babu wanda ya tuna da shekarun Rufai. Ranar 28 ga Yuni Denmak ta zura mana biyu cikin minti 12 na farko, aka tashi 4-1, Tijjani Babangida ne ya ci mana ɗayar. Nan take ƙasa ta yanke hukunci: me ya sa aka ɗauko tsoho aka bar yara?

Bayan shekara huɗu aka juya. An sallami Shuaibu Amodu duk da shi ya samo mana tikitin gasar 2002, Adegboye Onigbinde ya karɓa, ya ajiye Sunday Oliseh da Finidi George a gida, ya kwashi matasa. Ajantina ta ci mu 1-0, Suwidin ta ci mu 2-1, muka fita. Sai waƙar ta koma: me ya sa aka bar manya aka ɗauko yara? A wasa na uku da Ingila, ranar 12 ga Yuni a Osaka, ya ajiye Shorunmu ya sa wani yaron Enyimba mai shekara 19, Vincent Enyeama. Yaron ya ture wani mugun bugun Paul Scholes ya daki ƙarfe, aka tashi babu ci. Wannan yaro ya buga wa Najeriya wasa 101. A gasar da muka zagi koci a kan yara, a nan aka samo golan da ya riƙe mana gida sama da shekara goma.

Sai 2013. Stephen Keshi ya bar Osaze Odemwingie da Obafemi Martins, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida shida, ciki har da Gabriel Reuben na Kano Pillars. Muka yi 1-1 da Burkina Faso, muka yi 1-1 da Zambiya. Bayan wasan farko kaftin Joseph Yobo ya koma benci, Kenneth Omeruo da Godfrey Oboabona suka riƙe baya. A wasa na uku da Habasha har aka kusa minti 80 babu ci, tikitinmu na reto, sai Victor Moses ya ci fenareti biyu. Daga nan Sunday Mba, ɗan wasan gida, ya ci Kodebuwa a kwata fainal, ya kuma ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu. Ina sakandare a lokacin, kuma na tuna bakunan da suka ce a kori Keshi a makon farko su ne suka fi kowa ihu a daren kofi. Minti goma na wasan Habasha ne tsakanin "gwarzo" da "ya kashe mana ƙwallo".

Na baya-bayan nan kuwa da idonmu muka gani. Ranar 23 ga Janairu, 2022, a Garwa, bugun Youssef Msakni na Tunisiya ya wuce Maduka Okoye, aka fitar da mu, aka bi yaron nan da zagi da barazana a intanet. A 2024 José Peseiro ya ajiye Francis Uzoho ya ɗauko Stanley Nwabali, wanda da yawanmu ba mu san sunansa ba. Ya tare fenareti biyu a wasan Afirka ta Kudu, muka ce Peseiro ya san aiki. Kwana huɗu bayan haka Kodebuwa ta ci mu 2-1 a Abijan, muka nemi wanda za mu ɗora wa, muka faɗa kan Alex Iwobi har ya goge hotunansa a Instagram.

Abin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, koci yana yanke shawara kafin a hura usur, da abin da ya sani a lokacin. Mu kuma muna yanke masa hukunci bayan an tashi, da abin da babu wanda ya sani a lokacin. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take. An ɗauko tsoho an faɗi, an ɗauko yaro an faɗi, an ɗauko tsoho an ci, an ɗauko yaro an ci. Ba ina cewa kada a soki koci ba. A soke shi mana, amma da tambayar da ta dace: me ka gani a atisaye, me ka sani game da lafiyarsu, me ya sa ka zaɓi wannan? Tun da aka fara wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, a Ibadan a 1966, manufar ita ce ɗalibi daga kowace kusurwa ya sa riga ɗaya da ɗan uwansa. Idan wasan sashe da sashe ya koma lissafin jiha da addini, me ya rage?

Yanzu ga abin da na sani ranar Asabar, kuma da izinin mai shi nake faɗa. Kwana goma kafin wasan tsohon golanmu ya faɗi a babur ya bugu a wuyan hannu. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. A atisayen Alhamis na ga yana ture ƙwallon da ya saba cafkewa, yana ɓoye hannun a bayansa. Yaron kuma mako uku yana zuwa fili tun bayan asuba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko yau aka mayar da ni safiyar Asabar, yaron zan sa.

Amma ina da laifi, kuma ba wanda kuke zagina a kai ba ne. Ban kira golanmu na gaya masa ba. A zauren WhatsApp ya ga jerin sunaye kamar kowa, mutumin da ya shekara uku yana faɗuwa a kan tsakuwa saboda sashenmu. Kunya ce ta hana ni, na ɗauka shiru zai fi sauƙi. Da na kira shi shekaranjiya, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, da ka faɗa mini, ai da ni zan tsaya bayan raga ina yi wa yaron magana." Wallahi maganar nan ta fi duk zagin zauren yi mini ciwo, domin gaskiya ce.

A nan tarihin ya ƙara koya mini wani abu. A minti na ƙarshe na wasan ƙarshe a 2013, Keshi ya sa Yobo ya shiga fili, kuma shi ya ɗaga kofin. Shi kuma Jalen Hurts bai bar Alabama a fusace ba, ya zauna shekara guda a benci. Ranar 1 ga Disamba, 2018, a filin nan dai na Atlanta, da Jojiyar nan dai, Tua ya ji rauni ana cin su 28-21. Hurts ya taso ya juya wasan, suka ci 35-28. A Fabrairun 2025 shi aka zaɓa gwarzon wasan Super Bowl da ƙungiyar Philadelphia Eagles. Wanda ka ajiye yau za ka neme shi gobe, kuma yadda ka ajiye shi ne zai nuna ko za ka same shi.

Ranar Asabar mai zuwa muna da wasan neman na uku. Gobe in sha Allahu zan biyo motar safe in dawo Minna. Ni da tsohon golanmu mun yi alkawari za mu je ɗakin yaron tare mu fito da shi, ya koma lakca tukuna, maganar fili ta biyo baya. Wanda zai tsare gida kuwa, su biyun za su ji daga bakina ranar Juma'a kafin kowa ya gani a waya.

Roƙona gare ku biyu ne. Duk wanda ya sa hoton yaron nan a shafinsa ya cire, shekararsa 18, iyayensa karatu suka turo shi. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, ƙofa a buɗe take, atisaye ƙarfe 6:30 na safe ne ranar Talata da Alhamis. Ya zo ya gani da idonsa, sai mu yi gardamar a kan abin da muka gani tare.

Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya bar zumunci.