Jidda zuwa Madina: awa ɗaya a sama, kwana goma a ƙasa

Duk shekara idan maniyyata suka fara taruwa a sansanin alhazai na Bassan Jiwa, sai in ji ana tambayar wai tsakanin Jidda da Madina awa nawa ne a jirgi. Amsar ba ta da tsawo. A sama nisan ya ɗan haura kilomita 300, jirgi na yin kamar awa ɗaya. A mota kuwa ya haura kilomita 400, awa huɗu zuwa biyar, in ba a tsaya cin abinci ba.

Amma ni jikan mutanen da suka yi wannan hanya a ƙafa ne, shi ya sa awa ɗayan nan take ba ni mamaki. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a gabas har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da suka kafa yana nan da sunansa. Masu niyyar Makka daga cikinsu sukan yi shekaru suna noma da ƙodago kafin su tara kuɗin tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. To in an sauka Jidda, an yi Hajji, sai ziyara ta rage. Ayarin raƙuma kan kwashe kwana goma ko fiye kafin ya ga Madina, talakan takari kuwa ba shi da kuɗin raƙumi, sai dai ya bi bayan ayari da salkar ruwa a kafaɗa. Ga ƙishirwa, ga 'yan fashin hanya. Da yawa sun tsallake Chadi da Darfur lafiya, wannan ɗan guntun na ƙarshe ne ya cinye su.

Layin dogon Daular Usmaniyya ya iso Madina a 1908, sai dai daga Dimashƙa ya taso, bai kuma gangaro Makka ba, don haka bai amfani namu da komai ba.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, a shekarun 1950 alhazai suka soma tashi daga can. Shi ma ba kyauta ya zo ba: ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin da ya ɗebo alhazai zuwa Sakkwato ya faɗi a Jidda, mutum 261 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Yanzu yawancin alhazanmu kai tsaye ake sauke su a Madina. Mai zuwa Umra da ya sauka Jidda kuwa, ni dai ba na ba shi shawarar sake hawa jirgin sama, don in ka haɗa awon kaya da zaman jira, awa ɗayan ta koma uku. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa na Haramain mai gudun kilomita 300 a awa, yana da tasha a filin jirgin Jidda, cikin kamar awa biyu ya kai ka Madina.