Hanta da Cutar da Ta Gagari Likitoci Shekara 70

Maƙalarmu ta yau tarihin wata cuta ce da ta fi kama waɗanda suka manyanta, da yadda aka sha fama kafin a gane inda take ɓuya.

A shekarar 1855 wani likita a birnin Landan, Thomas Addison, ya bayyana wani irin ƙarancin jini mai ɗaure kai. Mutum bai ji rauni ba, bai zubar da jini ba, amma sai a ga yana ɗashewa, ɗan taku kaɗan sai haki. Daga baya aka lura harshen masu ita kan yi sulɓi yana zogi, ƙafafu su riƙa sagewa. A 1872 likita Bajamushe Anton Biermer ya raɗa mata sunan da ke nufin ƙarancin jini mai halakarwa. Sunan kuwa ya dace, don a lokacin duk wanda ta kama sai dai a jira rana.

Mafita ta ɓullo ta wajen karnuka. A Amurka, George Whipple yakan ɗebi jinin karnuka, sannan ya gwada abincin da ya fi saurin mayar musu da shi. Hanta ce ta yi zarra. Ganin haka wasu likitoci biyu a Boston, George Minot da William Murphy, suka ɗora majinyata 45 a kan cin hantar da ba ta gama dahuwa ba, kimanin giram 120 zuwa 240 kullum. A 1926 suka sanar da duniya cewa mutanen nan sun farfaɗo. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 1934. Ashe gamo da katar suka yi, domin sinadarin ƙarfe ne ya tashi karnukan, abin da ya tashi mutanen kuma wani abu ne daban da ke cikin hantar.

Sai dai da sauran rina a kaba. Me ya sa mai lafiya ba ya buƙatar tulin hanta haka? William Castle, shi ma likita a Boston, ya zargi tumbi. Yakan ci niƙaƙƙen naman sa, bayan kamar awa ɗaya ya zuƙo shi daga cikinsa, ya ɗura wa majinyata ta bututu. Jininsu ya hau, alhali naman shi kaɗai bai yi musu komai ba. A 1929 ya nuna cewa tumbin mai lafiya yana fitar da wani sinadari, wanda in babu shi hanji ba zai iya ɗaukar abin da ke cikin naman ba. Ashe a jini ake ganin cutar, amma a tumbi take kwana. A 1948 aka tace abin nan daga hanta, wato bitamin B12.

Akwai kuma wani tuntuɓe da aka yi a tsakiyar shekarun 1940. Da aka samu folic acid, aka riƙa bai wa irin waɗannan majinyata. Jininsu ya gyaru, kowa na murna, amma jijiyoyinsu suka ci gaba da lalacewa, har tafiya ta gagari wasu.

Nan ne tarihin ya shafi iyayenmu. In shekaru suka ja, tumbi kan rage fitar da ruwan tsamin da ke raba B12 da abinci, ga shi maganin ciwon suga metformin da magungunan olsa masu rage tsamin ciki suna ƙara tauye shi in an daɗe ana sha. Dattijo yana iya cin nama kullum amma bitamin ɗin ba ya isa jininsa. In ya fara kasala, mantuwa da sagewar ƙafa, sai mu ce tsufa ne, mu sayo masa maganin ƙarin jini a kemis. In folic acid ne a ciki, ƙila mun lulluɓe cutar ne kawai, jijiyar da ta daɗe da lalacewa kuwa ba lallai ta dawo ba. Gwajin jini a asibiti shi ne farko, likita ya faɗi ko ƙwaya ko allura.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa.