Wa Ke Biyan Kuɗin Jira? Nazarin Tsadar Jigilar Marasa Lafiya a Gaya da Ajingi

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, abu uku ne ke kai mai doguwar naƙuda ko mai jijjiga asibiti: motar asibiti ta gwamnati, motar haya daga tasha, sai kuma abin da dangi suka samu da tsakar dare, ko babur ko adaidaita sahu. Masu tsara kasafi sukan auna su da tambaya guda: nawa kowane sawu ya ci? Hujjar wannan nazari ita ce ma'aunin kansa a karkace yake.

Motar asibiti kuɗi biyu gare ta. Akwai na saye, wanda ba ya rasa mai biya, domin ana yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto. Akwai kuma na jira: albashin direba da ma'aikacin jinya, batir, taya, iskar numfashi, da man da ya kamata ya kwana a tanki. Wannan na biyun yana tafiya ko motar ta motsa ko ba ta motsa ba. A birnin Kano sawu na da yawa, sai kuɗin jiran ya rarrabu ya yi sauƙi. A Ajingi, inda gidaje ke warwatse har iyakar Jigawa, sawu kaɗan ne za su ɗauki nauyin duka, don haka a takarda motar sai ta zama kamar almubazzaranci.

Mai ma ya sauya lissafi. Daga Gaya zuwa Kano ta Wudil ya kai kilomita 60. In muka ƙaddara bas na shan lita ɗaya a kilomita 8, zuwa da dawowa lita 15 ke nan. Kafin janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ke wajen naira 190, wannan bai cika naira 3,000 ba. Da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, ya koma 15,000. Jinyar masu ciki kyauta da Kano ta fara tun 2001 daga ƙofar asibiti take somawa. Kuɗin hanya na wuyan miji.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun ga agajin gaggawa. Daga nan shirin agajin gaggawa na NEMSAS ya samo tushe a 2022, da alƙawarin ɗaukar mara lafiya da jinyar sa'o'i 48 na farko kyauta. Sai dai tsarinsa a yi aiki ne, a kawo takarda, a biya. Irin wannan tallafi sawu yake bi, ba jira ba, kuma inda jama'a suka yi cunkoso can yake kwarara.

A nan ne tsarin ƙungiyar direbobin haya ta NURTW ya cancanci a tsaya a kansa. An yaɗa shi a Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara ƙarƙashin shirin kiwon lafiya na PRRINN-MNCH, daga bisani shirin MNCH2 mai tallafin Birtaniya ya haɗa da Kano. Dabarar mai sauƙi ce: a horar da direban haya yadda ake ɗaukar mai naƙuda, a ba unguwa lambar wayarsa, shi kuma a saka masa da lodi ba tare da bin layi ba a tasha. Babu kuɗin saye, babu na jira, tunda motar tana neman kuɗinta da rana, kuma a garin take kwana. Direban ya san wace hanya ce ke yankewa da damina, abin da ba a koya wa mutum a taron bita.

Amma arahar nan tana da mai biyanta a ɓoye, wato direban. Shi ke asarar barci da sawun kasuwa, shi ke wanke jini a kujera, wani lokaci ya yafe kuɗin mai saboda kunyar dagaci ko maƙwabtaka. Lokacin da mai ke araha, lada da tsallake layi sun isa su rufe giɓin. Yanzu alheri ɗaya na iya cinye cinikin yini guda. Ga shi kuma motar haya ba ta da ƙarin ruwa, ba ta da mai tsayar da jini a hanya.

Saboda haka motar asibiti da ta haya ba kishiyoyi ba ne da za a ce a zaɓi mai araha. Zango biyu ne na tafiya ɗaya. Daga ƙauye zuwa Babban Asibitin Gaya, motar tasha ta fi kusa, kuma abin da take buƙata shi ne a biya direba kuɗin mai a ranar, ba bayan wata uku ba. Daga Gaya zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, inda mara lafiya ya riga ya galabaita, motar asibiti ce da ma'aikacinta, kuma ita kasonta na wata-wata ya kamata ya zama tsayayye, ko ta yi sawu goma ko biyu. Asusun kiwon lafiya na KHETFUND na jihar Kano, wanda ƙananan hukumomi ke zuba wa kaso, shi ne wurin da ya fi dacewa wannan kuɗin jiran ya fito.