Daga Kurmawa zuwa "gyaran hali": ina aka bar yaron?

A Gawuna akwai wani matashi da na sani tun yana tallar rake. Faɗan daba ya ritsa da shi yana ɗan shekara 16, wuƙarsa ta yi ajalin wani sa'ansa. Ya tafi gidan yari ba gashin baki, ya dawo da gemu. Mahaifiyarsa ta ce min har yau ba ya iya kwana a ɗaki rufe, kuma in za a yanka kaza a tsakar gida sai ya fice waje jikinsa na rawa.

Wannan ciwo ya girmi kakansa. A 1910 aka gina gidan yarin Kurmawa kusa da gidan Sarki, lokacin da ɗauri da bulala da aikin ƙarfi ke cikin manyan hukuncin mai laifi. Sai a 1958 Jihar Arewa ta yi dokar da ta raba shari'ar yaro da ta babba. A 1962 aka zo da dokar gidajen horon kangararru, amma shekara da shekaru uku kacal ƙasar nan ta dogara da su: Kaduna, Ilori da Abekuta. Kano tana da gidan ajiye yara a Goron Dutse. To amma yaron da ba shi da takardar haihuwa, da ido ake ƙiyasta shekarunsa, in laifin kisa ne kuwa sau da yawa cikin manya yake ƙarewa. Iyayen da suka gaji sai su nufi gidan mari, wanda samamen Rigasa na 2019 ya tona abin da ke cikinsa: sarƙa a ƙafa, tabo a gadon baya.

A shekarar ce aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali. A 2023 Kano ta samu dokar kare yara. Duk da haka, ranar 1 ga Nuwamba 2024 kowa ya ga yaran da aka kwaso daga Arewa bayan zanga-zangar Agustan shekarar suna zubewa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja saboda galabaita.

Ba wanke kowa nake yi ba, jinin da aka zubar yana da masu shi. Sai dai yaron da ya yi kisa shi ma yana kwana yana tashi da gawar a idonsa, kuma unguwar nan zai dawo. Muna da likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano. Gwamnatin Kano, don Allah a tura su wurin yaran nan tun suna tsare.