Radio City: Gidan Rediyon da Rigimarsa Ta Ci Ran Mai Shi

Wani mai karatu ya aiko yana tambaya: da gaske ne an taɓa yin lokacin da saka faifan waƙar zamani a rediyo sai an tsere cikin teku? An yi, kuma a Ingila aka yi, ƙasar BBC ɗin da muka taso muna saurare. A farkon shekarun 1960 ita kaɗai ke da izinin watsa shirye-shiryen rediyo a ƙasar, ga yarjejeniya da ƙungiyar mawaƙa da kamfanonin faifai da ta taƙaita sa'o'in saka faifai. Samari na son kiɗa, babu mai ba su. Sai wasu suka kafa tashoshi a kan jiragen ruwa, inda hannun doka bai kai ba. Radio Caroline, wadda ta fara a Maris 1964, ita ce ta yi suna. Amma ƙaramar tashar Radio City ce ta jawo ƙarshen kasuwar.

Ita ba a jirgi take ba. A bakin kogin Thames akwai hasumiyoyin ƙarfe da ake kira Shivering Sands, waɗanda sojoji suka gina a Yaƙin Duniya na Biyu don kakkaɓo jiragen Jamus, suka watsar bayan yaƙi. A Mayu 1964 wani mawaƙi mai son a san da shi, Screaming Lord Sutch, wanda kan fito fage daga cikin akwatin gawa, ya haye su da tsohuwar na'ura mai aiki da batir, ya sa wa tashar sunansa. Bai jima ba ya gaji. Manajansa Reg Calvert ya karɓa a Satumba, ya raɗa mata Radio City, ya mayar da wasan yara sana'a, tana shan talla daga Landan da Kent.

Daga nan Manjo Oliver Smedley ya shigo, tsohon soja kuma ɗan siyasa mai hannu a wata tashar teku. A ƙarshen 1965, da ake maganar haɗa gwiwa, ya aika da na'urar watsa shirye-shirye zuwa hasumiyar. Haɗin bai yiwu ba. Da ya ji Calvert na shirin ƙulla ciniki da wata tashar teku, Radio London, sai ya ce a biya shi kuɗin na'urarsa. Calvert ya ce ai tsohon tarkace ne da bai taɓa aiki ba, ya zo ya kwashe abinsa.

Da asubahin 20 ga Yuni 1966 Smedley ya jagoranci wasu ƙarti ma'aikatan tashar jiragen ruwa, suka haye hasumiyar, suka kashe tashar. Calvert ya kai kuka wurin 'yan sanda, ba su yi komai ba, don babu wanda ya tabbata wurin yana cikin huruminsu. Washegari da dare ya nufi gidan Smedley a ƙauyen Wendens Ambo. Can aka harbe shi da bindigar farauta. Shekarunsa 38.

A nan labari ya rabu biyu. Smedley ya ce Calvert ya shigo a fusace, ya kama kokawa da mai kula masa da gida, ya ɗaga wani gunki zai rotsa mata, shi kuwa ya yi harbi don ceto. An sassauta tuhumar daga kisan ganganci, kuma a Oktoba kotun Chelmsford ta sallame shi, har da ba shi kuɗin ɗawainiyar shari'a. Iyalan mamacin sun daɗe suna cewa an zana shi a matsayin ɗan daba, an zana Manjo a matsayin dattijo, kuma ba a saurari nasu ɓangaren yadda ya kamata ba. Ni dai ba zan warware hukuncin kotu daga kan teburina ba. Sai dai wanda ya fara tara ƙarti cikin dare ya ƙwace wurin neman abincin wani, da wuya a kira shi wanda aka zalunta. Mai haƙuri ma da aka yi masa haka, sai ya tashi.

Gwamnati kuwa faɗuwa ta zo mata daidai da zama. Shekara biyu tana jan ƙafa don tsoron fushin miliyoyin masu sauraro. Yanzu ga gawa, ga jaridu na ta yayata 'yan fashin teku. Cikin Yuli aka gabatar da ƙudurin dokar haramta tashoshin teku.

Matar marigayin, Dorothy, ta riƙe tashar har 8 ga Fabrairu 1967, ranar da kotu ta ce hasumiyar a cikin ruwan Birtaniya take, ta ci ta tarar fam 100. A daren Radio City ta yi shiru. Dokar ta fara aiki a tsakiyar Agusta, kuma ranar 30 ga Satumba BBC ta buɗe Radio 1 da muryar Tony Blackburn, wanda ya koyi aikin a kan jiragen da aka haramta. Hasumiyoyin suna nan tsaye cikin ruwa, tsatsa na cin su.